Shaho Da Kada: Yadda Jiragen Sama Suka Farauci Jiragen Nutso A Yaƙin Hitila

Yau na ɗan ajiye labaran soyayya da na kishiyoyi a gefe, tarihi za mu taɓa, kuma tarihin teku, duk da cewa yawancinmu ruwan da muka sani bai wuce Tiga da Kogin Kwara ba. Na san wani zai ce me ya haɗa mutumin Kano ko Damagaram da jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa? A yi haƙuri a biyo ni, za a ga cewa gyaɗar kakanninmu, da kuzar Jos, da su kansu sojojinmu da aka kwasa zuwa Bama, duk ta kan wannan ruwa suka bi, kuma a ƙarƙashinsa akwai masu jiran su.

Jirgin nutso nake kiran sa don sauƙi, wato jirgin yaƙin da ke iya nutsewa ya ɓace, sannan ya harba wa jirgin ruwa wani makami mai gudu a cikin ruwa da ake kira tofido. Kafin mu je ko'ina sai an fahimci wani abu guda, don shi ne tushen labarin gaba ɗaya. Jirgin nutso na wancan zamani kamar kada yake, ba kamar kifi ba. Inji biyu gare shi. In yana saman ruwa da injin dizal yake tafiya, in ya nutse sai ya koma kan batir, domin dizal ba ya ci sai da iska. Irin wanda Jamusawa suka fi ƙerawa, samfuri na 7, a saman ruwa yana gudun kusan kilomita 32 a awa. In ya nutse kuwa iyakar ƙoƙarinsa kilomita 14 ne, shi ma in ya matsa haka, cikin awa guda ko fiye kaɗan batir ya mutu. In ya lallaɓa a hankali, kamar saurin mai sassarfa, zai iya cin kilomita 150, daga nan dole ya taso ya kunna dizal ya yi caji. Ka ga ke nan yawancin rayuwarsa a saman ruwa take, nutso na buya ne kawai. Wanda duk zai iya tilasta masa ya nutse ya zauna a ƙasa, ko bai kashe shi ba ya gurgunta shi, don ayarin jiragen kaya zai wuce ya bar shi a baya yana rarrafe. Ba kuwa abin da ke sa shi nutsewa da sauri irin ganin jirgin sama.

Tun a Yaƙin Duniya na Farko aka gano haka. Jamus ta sakar wa jiragen nutsonta mara a watan Fabrairun 1917, suka shiga nutsar da duk jirgin da suka gani, har a watan Afrilu kaɗai aka yi asarar jiragen da nauyinsu ya haura tan dubu 800. Ingila ƙasa ce da ruwa ya kewaye, abincinta daga waje yake zuwa, saboda haka yunwa ta fara leƙo ta. Abin da ya cece ta dabara ce da fatakenmu na hanyar Gwanja suka sani tun da daɗewa: a daina tafiya ɗai-ɗai, a haɗu a yi ayari, a sa masu makami a gaba da baya. A wannan yaƙin ne kuma jirgin sama ya fara nutsar da jirgin nutso a tsakiyar teku. A ranar 15 ga Satumba 1916 wasu jiragen Ostiriya biyu masu sauka a kan ruwa suka ritsa jirgin Faransa mai suna Foucault a tekun Adiriyatik, suka yi masa ruwan bom, sannan suka sauka suka tsare mutanensa a kan ruwa har aka zo aka kwashe su, ko ɗaya bai mutu ba.

Sai dai da aka gama yaƙi, Turawan Ingila suka saki jiki. Sun ƙirƙiro wata na'ura mai suna Asdik, wadda ake maƙalawa a ƙarƙashin jirgin ruwa ta riƙa aika sauti cikin ruwa, in ya bugi ƙarfe ya dawo kamar amsa-kuwwa. Suka ɗauka an gama da jirgin nutso ke nan. Abin da ba su lissafa ba shi ne, Asdik ba ta jin abin da ke saman ruwa, kuma shugaban jiragen nutson Jamus, Karl Donitz, wanda shi kansa kwamandan irin wannan jirgi ne a yaƙin farko, shirinsa shi ne ya kai hari da dare a saman ruwa, a kuma taru da yawa a faɗa wa ayari lokaci guda kamar garken kuraye.

Ranar da Ingila ta shiga yaƙi, 3 ga Satumba 1939, a ranar jirgin nutso U-30 ya nutsar da jirgin fasinja Athenia. Jiragen saman da aka tura farauta kuwa, abin da suka yi a watannin farko sai ka rasa ko dariya za ka yi ko kuka. Bom ɗin da aka ba su bai da ƙarfi, ga shi kuma in an sake shi daga ƙasa-ƙasa yakan yi tsalle a kan ruwa, kamar yadda yara ke wurga fatsattsen dutse a kududdufi, ya je ya fashe a sama a ƙarƙashin wanda ya jefo shi. A ranar 14 ga Satumba jirage uku ƙirar Skua suka tashi daga kan babban jirgin ruwa Ark Royal suka far wa wannan U-30 ɗin, biyu daga cikinsu bom ɗinsu ne ya kakkaɓo su, Jamusawan da aka zo kashewa su suka tsamo matuƙan biyu suka tafi da su fursuna. A watan Disamba kuma wani jirgi ƙirar Anson ya kuskure ya jefa wa jirgin nutson Ingila mai suna Snapper bom, ya kuma same shi daidai. Ɓarnar da aka yi? Ƙwan lantarki huɗu ne suka fashe. Mutanen Snapper sun yi murna, amma duk mai hankali a hedikwata ya san an shiga uku, tunda makamin da aka dogara da shi ke nan.

Abu ya ƙara ɓaci da Faransa ta faɗi a watan Yunin 1940. Donitz ya samu tashoshin bakin Atlantika, su Lorient da Brest da Saint-Nazaire da La Pallice da Bordeaux, jiragensa suka daina zagayen arewacin Sikotilan. Rundunar jiragen saman Ingila mai kula da gaɓar teku kuwa ita ce 'yar bora. Duk wani jirgi mai kyau da dogon zango, rundunar masu jefa wa biranen Jamus bom ake ba, ita sai ragowa. A ganina wannan na cikin manyan kurakuran shugabannin Ingila a yaƙin nan, kuma ma'aikatan jiragen kaya ne suka biya da rayukansu.

Wurin da na fi jin daɗin labarin nan shi ne inda malaman lissafi suka shigo. A 1941 aka kawo wa rundunar wani masanin kimiyya, Patrick Blackett, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel a 1948. Shi da abokan aikinsa ba su ƙera sabon makami ba, rahotannin matuƙa kawai suka tara suka zauna suna ƙirgawa. A lokacin an riga an watsar da wancan bom, an koma ga wani mai kama da duro, wanda ake saita shi ya nutse zuwa wani zurfi kafin ya fashe. Ana saita shi a ƙafa 100 ko fiye, bisa tunanin cewa jirgin nutso zai hango jirgin sama daga nesa, kafin a iso ya yi zurfi haka. Sai ɗaya daga cikinsu, E. J. Williams, ya duba ya ga inda gizo ke saƙar. Jirgin da ya samu lokacin nutsewa ƙafa 100 ya samu lokacin karkacewa hagu ko dama, matuƙi bai san inda yake ba, jifa ce kawai a duhu. Wanda ake iya saitawa daidai shi ne wanda aka ritsa a sama, ko wanda bai fi daƙiƙa 15 da nutsewa ba. Shi kuma wannan yana kusa da saman ruwa, bom sai ya wuce shi ya je can ƙasa ya fashe a banza. Wato dai wanda ake iya samu ba a saita masa zurfin ba, wanda aka saita wa zurfin ba a iya samun sa. Aka dawo da saitin zuwa ƙafa 25, aka kuma cika duron da wani sabon abin fashewa mai suna Torpex, nan da nan jiragen da ake nutsarwa suka ninka.

Haka kuma batun fenti. Jiragen da aka gado daga masu kai harin dare baƙaƙe ne. Ka ɗaga kai ka dubi sararin sama da rana, baƙin tsuntsu da fari wanne za ka fara gani? Aka shafe cikinsu da gefensu da fari, mai tsaro a kan jirgin nutso ya daina hango su da wuri. Jirgin nutso kusan daƙiƙa 30 yake buƙata ya ɓace, saboda haka duk daƙiƙar da aka ci masa tana iya zama ajalinsa.

Kafin a kai ga haka ma an yi wani abin da ba a taɓa ji ba. A ranar 27 ga Agusta 1941, kudu da Ayislan, U-570 ya taso daidai ƙarƙashin wani jirgi ƙirar Hudson da James Thompson ke tuƙawa. Ya sakar masa duro huɗu. Mutanen ciki sababbin shiga ne, tafiyarsu ta farko ke nan, ga teku ta hautsina musu ciki, fitilu suka mutu, suka tsorata cewa iska mai guba na tashi daga batir. Sai ga su sun fito suna kaɗa farin ƙyalle. Jirgin sama ba shi da igiyar jan jirgin ruwa, Thompson ya yi ta kewaya su da bindiga a saite har wani Catalina ya karɓe shi, jiragen ruwa suka iso suka ja shi. Ingila ta gyara shi ta sa masa suna Graph ta yaƙi masu shi da shi.

Saura dare. Duk jirgin nutson da zai fita daga tashoshin Faransa ko zai koma, dole ya ratsa mashigin Biskay, kuma da dare suke tasowa su yi caji hankali kwance. Jiragen Ingila suna da rada, na'urar da ke aika igiyar rediyo ta bugi abu ta dawo, tana kuwa nuna jirgin nutso daga nesa. Matsalar ita ce in an matso kamar saura mil guda, sai amsar da ke dawowa daga igiyar ruwa ta rufe tasa, allo ya rikice, matuƙi ya wuce ta kansa a duhu bai gan shi ba. Wani hafsa mai suna Humphrey de Verd Leigh, wanda aikin ofis yake yi, amma ya yi irin wannan sintiri a yaƙin farko, shi ya ce a ɗaura wa jirgi babbar cocila a ciki. Rada ta kai ka kusa, daidai inda za ta rikice sai a kunna. Haskenta ya kai na kyandir miliyan 22. Ka ƙaddara kai ne a kan jirgin nutso da tsakar dare, ƙarar dizal ta toshe maka kunne, ba zato sai rana ta fito maka daga sama, kafin ka ɗaga hannu ka kare ido bom ya sauka. An fara gwada ta a kan wani jirgin Italiya, Luigi Torelli, a farkon watan Yunin 1942, sannan a ranar 5 ga Yuli wani Wellington ya nutsar da U-502 da ita.

Jamusawa ba su zauna ba. Suka sa wa jiragensu wata na'ura mai suna Metox, mai jin rada tun daga nesa ta yi ƙara, su nutse. Ingila ta fito da sabuwar rada mai gajeren zango na santimita 10, wadda asalinta wani ƙaramin ƙarfe ne da John Randall da Harry Boot suka haɗa a jami'ar Birmingham a 1940. Daga watan Maris na 1943 aka fara sintiri da ita a Biskay, Metox ba ta jin ta sam. Jamusawa suka rikice, har suka koma zargin ita kanta Metox ɗin ce ke tona musu asiri, aka hana amfani da ita. Wannan kokawa ta dabara da maganin dabara haka ta yi ta tafiya har ƙarshen yaƙi, kuma a gefe guda ga masu warware rubutun sirrin Jamus a Bletchley suna gaya wa ayari inda garken yake, ban da watanni goma na 1942 da Jamusawa suka ƙara wa na'urarsu ta Enigma dabara aka kasa karantawa.

Babban rami kuwa yana tsakiyar Atlantika. Jiragen da ke tashi daga Ingila da Ayislan da Kanada kowanne yana da iyakar inda mansa zai kai shi ya dawo, a tsakiya akwai fili na ɗaruruwan mil da ba mai rakiya daga sama. Nan kurayen ke taruwa. A watan Maris na 1943 suka faɗa wa ayari biyu, HX 229 da SC 122, suka nutsar da jirage fiye da 20 cikin 'yan kwanaki. Maganin ramin nan yana nan tun tuni, wato Liberator, jirgin Amurka mai inji huɗu, in an cire masa wasu bindigogi da sulke aka ƙara masa tankin mai, yana iya kai wa tsakiya ya yi awowi yana shawagi. Amma kaɗan ƙwarai aka ware wa wannan aiki, sai da wuta ta kai gemu aka ƙaro. A daidai lokacin kuma ƙananan jiragen ruwa masu ɗauke da jiragen sama suka fara raka ayari. Na farkonsu a wurin Ingila, Audacity, jirgin kayan Jamus ne da aka kama aka shimfiɗa masa fili a sama, an nutsar da shi a Disambar 1941, amma ya nuna hanya. Amurka ta biyo da irin su Bogue, ɗauke da jirage ƙirar Avenger da Wildcat, da wani sabon tofido da ake saki daga sama ya riƙa bin ƙarar farfelar jirgin nutso da kansa. Duk waɗannan suka haɗu a watan Mayun 1943. A wannan wata kaɗai Jamus ta rasa jiragen nutso kusan 40, a cikin ɗaya daga cikinsu, U-954, har da ɗan Donitz na cikinsa, Peter. Ranar 24 ga wata ya janye jiragensa daga arewacin Atlantika.

A Biskay kuma Donitz ya yi wani hukunci da ya jawo masa asara. Ya ce tunda dare ya daina kare su, su taso da rana, a ƙara musu bindigogin kakkaɓo jirgi, su tsaya su yi faɗa. An kakkaɓo jiragen sama da dama, amma jirgin sama mutum goma ne ko ƙasa da haka, jirgin nutso kuwa mutum kusan 50 ne da aikin watanni. A ranar 30 ga Yuli 1943 aka ritsa uku suna tafe tare, ba wanda ya tsira. Ɗaya daga cikinsu U-461 ne, wanda ya nutsar da shi kuwa Sunderland ne mai lambar harafin U na runduna ta 461 ta Ostireliya. Da a littafina na rubuta haka, da masu sharhi sun ce ƙaryar ta yi yawa. Shi Sunderland ɗin nan ƙaton jirgi ne mai sauka a kan ruwa, bindigogi ta ko'ina, shi ya sa ake masa laƙabi da beguwa mai tashi.

Yanzu mu dawo kusa da gida. Bayan da tekun Bahar Rum ta zama haɗari ga jiragen kaya, duk mai zuwa Masar ko Indiya sai ya zagayo ta Afirka, Firiton ta Saliyo ta zama zangon da ayari ke haɗuwa. Gyaɗa da manja da koko da kuza ta nan suke bi zuwa Ingila. Jiragen yaƙi na sama da ake kawowa a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a haɗa su, su tashi su yada zango a Kano da Maiduguri su wuce Hartum zuwa Alƙahira, su ma sai sun tsira daga tofido tukuna. Donitz ya san haka. Surukinsa Gunter Hessler ya zo da U-107 yankin Firiton a 1941, a fita guda ya nutsar da jirage 14, nauyin tan dubu 86 da ɗoriya, ba wani kwamandan Jamus da ya yi irin wannan ɓarna a tafiya ɗaya a duk yaƙin. Dole aka kawo jiragen sintiri. Runduna ta 95 ta sauka a Firiton da Sunderland a 1941, ta 204 ta zauna a Bathurst, Banjul ta yanzu, ta 270 kuma ta koma Apapa a Ikko a 1943 da Catalina. A yarintarmu mun riski tsofaffin sojan Bama a unguwa, masu lambobi a aljihun riga. Rundunarsu ta 81 a 1943 ta shiga ruwa zuwa Indiya, ta 82 a 1944. Makonnin da suka yi a cikin jirgi, mutanen da galibinsu ba su taɓa ganin teku ba, irin waɗannan jiragen sama ne ke share musu hanya a bakin gaɓar nan tamu.

A wannan ruwan ne abu biyu suka faru da ba na iya mantawa. A ranar 12 ga Satumba 1942, U-156 na Werner Hartenstein ya harbi jirgin Laconia arewa da tsibirin Asenshon. Da ya matso sai ya ji ana kururuwa da Italiyanci, ashe jirgin na ɗauke da fursunonin yaƙi 'yan Italiya kusan 1,800, abokan Jamus, ga kuma mata da yara. Hartenstein ya shiga tsamo mutane, ya yi shela a rediyo da Turancin Ingilishi cewa duk wanda zai zo ceto ba zai taɓa shi ba. Ya cika saman jirginsa da mutane, ya ɗaura kwale-kwale yana ja, ya shimfiɗa tutar agaji mai jan kuros. Ranar 16 ga wata wani Liberator na Amurka daga Asenshon ya gan su, ya tambayi na ƙasa, aka ce ya nutsar. Ya dawo ya saki bom a tsakiyar waɗanda aka ceto. Hartenstein ya sauke mutane a ruwa ya nutse. Jiragen Faransa suka kwashe ragowar, amma fiye da mutum 1,600 sun halaka. Daga nan Donitz ya ba da umarnin kada jirgin nutso ya sake tsayawa ceton kowa. Wanda ya ba da izinin harin nan yana da hujjarsa, yana tsoron a gano sansaninsu na sirri, amma ni dai ban ga yadda za a wanke shi ba. Shi Hartenstein wata shida kawai ya ƙara, wani Catalina na Amurka ya nutsar da shi da duk mutanensa gabas da Barbados a watan Maris na 1943.

Na biyun ya faru a ranar 11 ga Agusta 1943, kudu maso yamma da Dakar. Lloyd Trigg, mutumin Niyu Zilan, na runduna ta 200, ya hango U-468 a saman ruwa. Jamusawa suka tsaya suka buɗe masa wuta, Liberator ɗinsa ya kama da wuta tun kafin ya iso. Yana iya karkacewa ya gwada sauka a ruwa, amma ya miƙe a kan hanyarsa, ya wuce ta kansu ƙasa-ƙasa ya saki duronsa daidai, sannan ya faɗa teku ya fashe. Su takwas ne, ba wanda ya fita. U-468 ya nutse cikin mintuna. Jamusawa bakwai kacal suka rayu, kuma abin da ya cece su kwale-kwalen roba ne da ya fito daga jirgin Trigg. Da jirgin ruwan Ingila Clarkia ya tsamo su, kwamandansu Klemens Schamong shi ya ba da labarin abin da matuƙin ya yi, ya ce ya cancanci lambar yabo. Aka ba Trigg Victoria Cross, lamba mafi girma a Ingila, kuma shi kaɗai ne aka taɓa ba ita bisa shaidar abokin gaba zalla, don babu wani nasa da ya gani.

A gaɓar yammacin Afirka ne kuma ayarin farauta na Daniel Gallery, da jirginsa Guadalcanal mai ɗaukar jiragen sama, suka kama U-505 da ransa a ranar 4 ga Yuni 1944. Yana nan a gidan tarihin kimiyya na birnin Chicago ana shiga ana kallo. A lokacin Jamusawa sun fara sa wa jiragensu wani bututun shaƙar iska da suka samo daga Holan, dizal ya yi aiki jirgi na nutse, sai bakin bututun kawai a waje. Ya rage musu mutuwa, amma ya mayar da su masu rarrafe. Da aka yi lissafi bayan yaƙi, Jamus ta rasa jiragen nutso kusan 780, rundunar gaɓar teku ta Ingila kaɗai ta nutsar da fiye da 200. Cikin mutum kusan dubu 40 da suka fita teku a jiragen nutson Jamus, kusan kashi uku cikin huɗu ba su dawo ba. Ma'aikatan jiragen kayan Ingila da suka mutu sun haura dubu 30, kuma a cikinsu akwai 'yan Afirka ta Yamma masu aiki a ɗakin wuta da kicin na jiragen Elder Dempster.

Bayan yaƙi kadan ya zama kifi. Amurka ta fitar da Nautilus mai aiki da nukiliya, ya fara tafiya a 1955, ba ruwansa da iska balle caji, yana iya wata da watanni a ƙasa. Ido da cocila suka daina amfani, farauta ta koma ta kunne. Jirgin sama yakan zuba wasu ƙananan bututaye a ruwa, kowanne da makirfo a ƙasa da rediyo a sama, su saurara su aiko masa. Wasu jiragen kuma suna da wata doguwar jela mai jin maganaɗisun ƙarfe in sun wuce ta kansa. Amurka ta yi P-3 Orion daga 1962, Ingila ta yi Shackleton da Nimrod, Tarayyar Sobiyet ta yi Il-38 da Tu-142, daga baya P-8 Poseidon ya zo, wanda gangar jikinsa ta Boeing 737 ce, irin wanda muke hawa zuwa Abuja. Haɗarin ma ya canja. A ranar 27 ga Oktoba 1962, lokacin rikicin Kuba, jiragen Amurka suka matsa wa jirgin nutson Sobiyet B-59 da ƙananan bama-baman gargaɗi don ya taso, ba su san yana ɗauke da tofidon nukiliya ba. Wani babban hafsa a ciki, Vasili Arkhipov, shi ya ƙi yarda a harba, jirgin ya taso.

Tsohon raunin nan kuwa bai gushe ba ga jiragen dizal. A yaƙin Fokland, ranar 25 ga Afrilu 1982, jiragen Ingila masu saukar ungulu suka ritsa jirgin nutson Ajantina, Santa Fe, a saman ruwa kusa da tsibirin Jojiya ta Kudu. Suka jefa masa duro irin na da, suka bi shi da roka, ya kasa nutsewa, ya lallaɓa ya koma bakin gaɓa mutanensa suka fice. Shi kansa tsohon jirgin Amurka ne da aka ƙera a 1944 da sunan Catfish. A 1985 Ingila ta ja shi zuwa ruwa mai zurfi ta nutsar da shi.